Sanda, faifai ko fure: muhawara kan siffar kiristal ɗin zink oksayid da hasken da yake bayarwa

Abdulhadi: Assalamu alaikum malamaina, barkanmu da hantsi. Tambaya ce kan zink oksayid. Haɗin shi ne wanda aka saba: zink naitiret da HMTA (sinadarin da ke sakin amoniya a hankali idan ya ji zafi), kowanne milimola 25 a lita, zafi digiri 90, awa huɗu, a kan gilashin maikuroskop. So ake sanduna su tsaya cak a kan gilashin. Abin da hoto ya nuna kuwa, sanduna ne masu kauri kwance a kan juna kamar an ɓarar da ashana, gindin kwalba kuma cike da farin gari. Sannan da aka lissafa tazarar makamashi, wato mafi ƙarancin makamashin hasken da sinadarin ke iya shanyewa, sai ta fito elektronbolt 3.12, alhali littafi ya ce 3.37. Ina kuskuren yake? Kuma rashin tsayuwar sandunan ne ya rage tazarar?

Dakta Binta: Wa alaikumus salam. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, kuma ba dangin juna ba ne. Mu kwance ta farko tukuna.

Kiristal ɗin zink oksayid kusurwa shida gare shi, kamar fensir. Kan fensirin da gindinsa fuskoki ne masu caji: ɗaya atam ɗin zink ne a samanta, ɗayar oksijin. Gefuna shidan kuwa zink da oksijin sun yi kunnen doki, babu caji. Fuskar zink ɗin nan ta fi kowace haɗama, abin da ya narke a ruwan can yake fara manne mata. Shi ya sa idan ba a sa masa hannu ba, tsawo yake yi, ba faɗi ba.

Ka riƙe wannan: fuskar da ke girma da sauri ita ce ke tsukewa har ta ɓace, wadda ke nawa ita ce ke faɗi, ita ido ke gani. Duk dabarar juya siffa a nan take. Ka nemi fuskar da kake son gani, ka rage mata gudu.

Kwanciyar sandunanka kuma, ban ga ka ambaci iri ba, wato ƙananan ƙwayoyin da sanduna ke tsirowa a kansu. An shimfiɗa iri a kan gilashin?

Abdulhadi: A'a Dakta, wanke gilashin kawai aka yi aka tsoma.

Malam Sani Ƙofar Sauri: To ai ruwa ba ya tsami banza. Gilashi ba kiristal ba ne, babu inda sanda za ta kafa ƙafa. Waɗanda ka gani a cikin ruwa suka tsiro, suka yi nauyi suka faɗo kan gilashin. Ga yadda ake yi.

A wanke gilashi da sabulu, sai asiton, sai etanol, sai tataccen ruwa. Idan ka ɗiga ruwa ya bazu shimfiɗe, ya wanku. Idan ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza, akwai maiƙo, a sake.

Iri: zink asitet mai ruwa biyu, giram 0.055 a cikin etanol mililita 50. Milimola 5 ke nan a lita. A ɗiga ya rufe gilashin, a jira kamar daƙiƙa goma, a ɗauraye da etanol zalla, a bar shi ya bushe. A maimaita sau biyar. Sai a gasa a digiri 350 minti ashirin. Asitet ɗin zai tarwatse ya bar ƙananan ƙwayoyin zink oksayid, yawancinsu kwance da fuskar nan mai caji tana kallon sama. Daga kansu sanduna ke tashi.

Ruwan girma, na mililita 100: zink naitiret mai ruwa shida giram 0.744, HMTA giram 0.350. A narka kowanne daban a mililita 50, a haɗa dab da lokacin sa wa a obin. Kada a haɗa da safe a ajiye sai la'asar.

Babban abin da ake mantawa: gilashin a kife shi, fuskar irin ta kalli ƙasa, ko a jingina shi a jikin kwalba a karkace. Garin da ke tsirowa cikin ruwa sai ya wuce ya kwanta a gindi, ba a kan sandunanka ba.

Injiniya Lawal: Malam Sani ya gama da haɗi, bari in ƙara abin da ya shafi garinmu. Abu uku ke ɓata wannan aiki a Katsina.

Wuta. HMTA ba ya aiki sai da zafi. A hankali yake tarwatsewa cikin ruwa ya ba da amoniya da fomaldihaid, amoniyar ce ke sakin haidroksayid kaɗan kaɗan. Idan aka ɗauke wuta obin ya sauko ƙasa da digiri 60 ko 70, girma ya tsaya, kuma abin da ke fita a wannan sanyin galibi zink haidroksayid ne ko gishirinsa mai falle-falle, ba oksayid ba. Wuta ta dawo, sabon tsiro ya ɓarke cikin ruwa, a tashi da gauraye. Magani mai sauƙi shi ne a sa kwalbar cikin babbar tukunya mai ruwa lita uku ko huɗu, ko cikin yashi mai zafi. Kafin ruwa mai yawa ya huce an tada janareta. Kuma ma'aunin zafi a cikin ruwan tukunyar ake tsoma shi, lambar da ke jikin obin ba abin rantsuwa ba ce.

Ruwa. Ruwan bohol ko na leda ba su shiga wannan aiki. Kalsiyam da kabonet da ke ciki su ma fuskokin kiristal suke manne wa, su juya siffa ba da izininka ba.

Ƙura. A hunturu kowane ƙwayar ƙura wurin tsiro ne. A rufe gilashin iri da faranti tun daga bushewa har shiga obin. Sannan bushewar iskar hunturu kanta matsala ce ga irin asitet, domin yana buƙatar ɗan danshi kafin ya kwanta yadda ake so. A ajiye kwanon ruwan ɗumi a cikin akwatin da ake shimfiɗa irin. Da damina kuma akasin haka ne: zink naitiret yana shan danshi ya jiƙe, ka auna giram 0.744 alhali wani kaso ruwa ne. A toshe bakin kwalbarsa da kyau.

Fomaldihaid ɗin nan kuma ba turare ba ne. A bar kwalba ta huce, a buɗe ta inda iska ke wucewa.

Malama Hadiza: Malam Sani, awa huɗun fa? Ina ganin ya yi yawa a ruwa ɗaya.

Malam Sani Ƙofar Sauri: Gaskiyarki Malama. Bayan awa biyu da rabi zuwa uku zink ɗin ruwan ya kusa ƙarewa, mafi yawansa ma gari ya zama. Daga nan ba tsawo ake ƙarawa ba, har kan sandunan yakan fara zagwanyewa ya yi rami. Mai son dogaye ya ciro gilashin, ya ɗauraye, ya sa a sabon ruwa mai ɗumi. Kauri kuma yana bin ƙarfin haɗi: milimola 10 sirara, milimola 50 zuwa sama masu kauri har su haɗe su zama shimfiɗa guda. Kuma kwalbar da aka yi aiki da ita jiya, a wanke ta da ruwan asid marar ƙarfi. Farin dabbaren da ya rage a jikinta iri ne, zai sace zink ɗin kafin ya kai ga gilashinka.

Nafisa: Malamai, ni faifai nake nema, ba sanda ba. An ce sitret ake sawa. Nawa?

Dakta Binta: Kaɗan ƙwarai, Nafisa. Sitret yana da hannaye uku masu cajin ragi, fuskar zink kuma cajinta na ƙari ne, sai ya hau kan fensirin ya zauna. Tsawo ya tsaya, gefe ya ci gaba, a sami faifai mai kusurwa shida.

Kada ki yi ƙoƙarin auna shi kai tsaye, sikeli ba zai gani ba. Narka sodiyam sitret mai ruwa biyu giram 0.294 a mililita 100, milimola 10 ke nan a lita. Duk mililita ɗaya da kika ɗiba daga nan kika zuba a ruwan girma mililita 100 ya ba ki kusan milimola 0.1. Jera kwalabe biyar: babu, rabin mililita, ɗaya, biyu, biyar. Obin ɗaya, lokaci ɗaya. Za ki ga sanda ta gajarce ta zama kamar turmi, daga nan ta zama faifai, wani lokaci faya-faye jere kan juna kamar an tula kwabbai. Idan kika zarce, sitret zai kama zink ɗin tun a cikin ruwa ya hana shi fita, ki tashi da dunƙule-dunƙule marasa kusurwa ko ki tashi a tutar babu.

Mai son akasin faifai, wato zare siriri dogo, foliyetilinimin yake sawa. Shi gefuna yake rungumewa ya bar kai a buɗe.

Malama Hadiza: Fure kuma babu HMTA a ciki. Soda mai ƙarfi ce, wato sodiyam haidroksayid, a zuba ta a ruwan zink har farin da ya fara fita ya sake narkewa ruwan ya yi garau. A wannan matakin zink ya koma ayon mai haidroksayid huɗu. Idan aka ɗumama, ƙwayoyin farko sukan dunƙule wuri ɗaya, kowace ta harba allurarta waje, a sami abu kamar ƙarangiya. Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa a tsakiya, ruwan na nan fari kamar kunu a sa a wuta. Abin da zai fito babu tsari. Kuma yadda aka zuba sodar, ɗigo ɗigo ko gaba ɗaya, yana canza sakamako, don haka a rubuta shi a littafin aiki kamar yadda ake rubuta giram.

Malam Kabir: To mu dawo tambaya ta biyu, domin ni ban yarda da Dakta ba da ta ce ba dangin juna ba ne. Allah ya ba ki haƙuri Dakta. Rubuce-rubuce nawa ne ke nuna sanda da tazara kaza, fure da tazara kaza, faifai da tasa daban? Idan siffa ba ta taɓa haske, me ya sa ake wahalar juya ta?

Dakta Binta: Ban ce ba ta taɓa haske ba, Malam Kabir. Tazarar makamashi na ce. Ita daga jerin atam take fitowa, kuma jerin atam a cikin sanda da faifai da fure duk ɗaya ne. Ƙanƙanta tana iya canza ta, amma sai ƙwayar ta kusanci girman eksiton, wato elektron da gurbin da ya bari ɗaure da juna, wanda a zink oksayid bai wuce nanomita biyu da ɗoriya ba. Wato sai ƙwaya ta sauko ƙasa da nanomita bakwai ko makamancin haka kafin a ga wani motsi na kirki. Sandar Abdulhadi da ta kai nanomita ɗari ko ɗari biyar, a wurin elektron fili ce fetal. Kuma ko da matsin da ƙanƙanta ke yi wa elektron ya yi aiki, sama yake tura tazarar, ba ƙasa ba. Shi 3.12 ya samu.

Malam Kabir: To daga ina 3.12 ta fito? Na'ura ai ba ta ƙarya.

Dakta Binta: Na'ura ba ta ƙarya, amma abin da aka tambaye ta take amsawa. Abdulhadi, yaya aka auna?

Abdulhadi: An kaɗa garin a ruwa, aka zuba a ƙaramar kwalbar na'urar, aka ɗauki shanyewar haske, aka yi zanen Tauc, wanda ake jan layi a kansa a karanta tazarar.

Dakta Binta: Ka ji ko. Na'urar hasken da ya iso mata kawai take ƙirgawa. Wanda garin ya shanye da wanda ya watsar gefe, duka a wurinta ɓatacce ne, sai ta rubuta su a matsayin shanyewa. Gari mai girman nanomita ɗaruruwa kuwa gwanin watsa haske ne. Sai gindin zanen ya ɗaga sama, gangaren ya kwanta, ka ja layi ya sauka a lamba ƙarama. Fure ya fi sanda watsawa, sanda ta fi ƙananan ƙwayoyi. Ga inda yawancin bambancin da Malam Kabir ke gani a rubuce-rubuce ya samo asali: an auna watsuwa an sa mata sunan tazara.

Gari ana auna shi ne da hasken da ya dawo daga fuskarsa, a na'ura mai ƙwallon tattara haske, da bariyam salfet a matsayin farin ma'auni, a juya shi zuwa shanyewa da lissafin Kubelka da Munk, sannan a yi zanen. Zink oksayid tazararsa ta kai tsaye ce, don haka a lissafin zanen da biyu ake ɗaga lambar, wato a ninka ta da kanta, ba da rabi ba. Wanda ya ɗauko rabi daga aikin taitaniya (taitaniyam oksayid) ya liƙa a nan zai sami lamba ƙasa da gaskiya. Idan an yi daidai, a zafin ɗaki 3.2 zuwa 3.3 ake samu, kuma babu laifi a wannan. Shi kansa zanen, Tauc da abokan aikinsa a kan jamaniyam marar tsarin kiristal suka fito da shi a 1966, mu ne muka ara muka yafa wa kowa.

Farfesa Mamman: Ina biye da ku tun ɗazu. Dakta ta yi daidai a kan tazara, amma kada a kori Kabir da hannu wofi, akwai gaskiya a bakinsa. Siffa tana taɓa haske ta ƙofofi uku, tazara ce kawai ba ta cikinsu.

Ta farko watsuwar da aka ambata. A ma'auni cikas ce, a kasuwa kuwa ita ce kuɗin. Farin fenti taitaniya ce nau'in rutayil, mai lanƙwasa haske kusan 2.7, an daidaita ƙwayarta tsakanin nanomita 200 da 300, wajen rabin zangon hasken da ido ke gani, domin a nan ta fi watsawa. Zink oksayid nasa kusan 2.0 ne, shi ya sa bai kai ta rufe bango ba. Ka rage ƙwayar ƙasa da nanomita 100, farin ya tafi, amma shanye hasken ultrabayolet yana nan. Man kare fata daga rana wanda ba ya barin fari a fuska ke nan. Sinadari ɗaya, girma daban.

Ta biyu, sanda mai santsin gefe da kai a daidaice bututun haske ce, kanta da gindinta madubai ne. A 2001 a Berkeley ta Amurka an nuna sandunan zink oksayid suna ba da hasken leza a zafin ɗaki, wajen nanomita 385.  Abin da ya ba da dama shi ne ƙarfin ɗaurin eksiton ɗin zink oksayid, milielektronbolt 60, alhali zafin ɗaki wajen 25 yake bayarwa, bai isa ya tsinka shi ba.

Ta uku ita ce ta fi rikitarwa, wato naƙasu: guraben da atam ya ɓace ko ya zauna ba a wurinsa ba a cikin kiristal. Idan ka haska zink oksayid da lezar nanomita 325, haske biyu yake maido maka: siriri a wajen nanomita 380, da wani mai faɗi a cikin abin da ido ke gani, kore ko ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo. Mai faɗin daga naƙasu yake. Siririyar sanda fatarta ta fi yawa a kan cikinta, naƙasun fata sai su rinjayi na 380.

Malam Kabir: Ranka ya daɗe, ai maganata ke nan.

Farfesa Mamman: Rabinta ce. Ga inda gizo ke saƙa: ba ka iya canza siffa ba tare da ka canza wani abu ba. Ka sa sitret, ka bar sitret a fata. Ka sa soda, ka shigar da sodiyam da haidroksayid. Ka ɗaga zafi, ka canza adadin gurabun. Sai ka ga fure ya fi sanda ruwan ɗorawa ka ce siffa ce, alhali sodar ce. Kafin a ɗora wa siffa, sai an wanke duka iri ɗaya, an gasa su tare a fanes ɗaya, a ce digiri 400 awa ɗaya a iska, sannan a sake aunawa. Bambancin da ya tsira bayan wannan, shi ne ake iya fara zargin siffa da shi.

Kuma ina roƙon ɗalibai, a daina rubuta cewa koren haske gurbin oksijin ne kamar an saukar da shi. Masana sun daɗe suna jayayya: wasu gurbin oksijin, wasu gurbin zink, kuma tun 1969 aka nuna ɗan gurɓacewar tagulla ma yana ba da kore. Ruwan ɗorawan da ake gani a sandunan da aka girka a ruwa kuwa galibi ana danganta shi da haidroksayid da rarar oksijin, shi ya sa gashi ke rage shi.

Nafisa: Ranka ya daɗe, wanda ba shi da lezar fa? Fitilar duba kuɗi za ta yi?

Injiniya Lawal: Ta danganta da wacce. Raba 1240 da zangon hasken a nanomita, ki sami makamashin a elektronbolt. Mai 365 ta ba da 3.40, ta haye tazarar da ƙyar, za ki ga garin ya yi ɗan haske a ɗaki mai duhu. Yawancin na kasuwa masu arha 395 ne, wato 3.14, ba su kai ba. Shuɗin da za ki gani nasu ne ya dawo. Ko mai 365 ɗin ma don kwatanta samfuri biyu gefe da gefe ne kawai, ba ta shiga rahoto. Kuma kada a kalle ta kai tsaye.

Af, wanda ya ga garinsa ya koma ruwan ɗorawa a cikin fanes kada hankalinsa ya tashi. Halin zink oksayid ne da zafi, yana hucewa zai koma fari. Wanda ya huce ya zauna a ruwan toka, shi ne ke da saura: ragowar kabon daga asitet ko sitret bai ƙone ba. Kuma gilashin maikuroskop kada ya wuce digiri 450 zuwa 500, sama da haka laushi yake farawa.

Abdulhadi: Na gode malamai. Idan kuɗin hoton maikuroskop na elektron ya yi tsada, sakamakon eksre kaɗai zai iya tabbatar da cewa sandunan sun tsaya?

Malam Sani Ƙofar Sauri: Zai ba ka hannunka mai sanda, ba zai yanke hukunci ba. Da eksre na tagulla, tsaunuka uku na farko a zanen sakamakon suna wajen digiri 31.8 da 34.4 da 36.3. A gari mai gauraye na ukun ne ya fi tsawo. Idan sanduna sun tsaya a kan gilashi, na 34.4 zai tashi ya shanye sauran. Amma ka lura, faifan Nafisa idan suka kwanta a bayansu, su ma 34.4 za su ɗaga, domin fuska ɗaya ce ke kallon sama. Sandunan da aka kankare aka danna a faranti kuma kwanciya suke yi, sai 31.8 ya ƙaru. Ka ga tsauni ɗaya, siffa biyu. Hoto ko ɗaya ne sai an yi, kuma a karya gilashin a ɗauka ta gefe, a nan ake ganin tsawo.

Lissafin Scherrer kuma, wanda ake kimanta girman kiristal da shi daga faɗin tsaunin eksre, idan kiristal ya haura nanomita 100, faɗin tsaunin na na'ura ne, ba na samfurinka ba. Kada hoto ya nuna sanda mai kaurin 300 ka rubuta 35 a tebur ba tare da bayani ba.

Malam Isiyaku Daura: Salamu alaikum. Ku 'yan nanomita kun cika zauren, bari mu masu tukwane mu sa baki, domin namu kiristal ɗin da ido ake ganinsa, wani ya kai faɗin tafin hannu. Zink ɗin dai shi ne, amma ya auri silika ya zama zink siliket, wanda ake kira wilemayit, a cikin ruwan gilashin da ake shafa wa tangaran.

Haɗin kusan rabi garin gilashi ne mai soda, kashi ɗaya cikin huɗu zink oksayid, saura silika. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari kawai, don ya kama jikin tukunya. Aka ƙara, aluminar da ke ciki ta daskarar da ruwan, zink ya kasa tafiya, babu kiristal. A hau da wuta zuwa wajen digiri 1260 ko 1280 don a narkar da kusan duk irin, ya rage 'yan kaɗan. A sauko da sauri zuwa tsakanin 1100 da 1040, a riƙe awa uku ko huɗu. Riƙo a sama yana ba da allurai da siffa kamar bakin gatari, riƙo a ƙasa yana ba da zagaye kamar fure. Aka yi ta hawa da sauka a tsakanin, kowane canji zobe yake bari a jikin furen. Kobalt yana shigewa cikin kiristal ya yi shuɗi. Nikel abin mamaki ne, kiristal shuɗi, fili ruwan zuma.

Abu biyu ke kashe shi. Ruwan yana zuba kamar zuma, dole a ɗora tukunya kan gammo da faranti a ƙasa, in ba haka ba ta manne da bene. Sannan wutar ta zama mai wadatar iska. Hayaƙi ya yi yawa, zink oksayid ya koma ƙarfen zink, shi kuma a 907 yake tafasa, ya gudu ya bar ka da gilashi fili. Gashin tukwanenmu na gargajiya da kara da kashin shanu bai kusanci wannan zafi ba, sai fanes na lantarki ko na gas mai ma'auni.

Dakta Binta: Malam Isiyaku ka kawo misali mafi kyau. Raba tsiro da girma ke nan: ka rage iri a sama, ka yi renonsa a ƙasa. Abin da Malam Sani ke yi da shimfiɗar asitet shi kake yi da wuta.

Malama Hadiza: Tunda an fita daga zink, wanda ke son ganin siffa ta juya da abu biyu kacal ya gwada seriya, wato seriyam oksayid. Seriyam naitiret mai ruwa shida giram 0.868, soda giram 9.6, ruwa jimla mililita 40, wato soda mola 6. A tukunyar matsi mai cikin Teflon, awa 24. A digiri 100 sanduna, a 180 'yan akwatuna masu kusurwa huɗu. Aka rage sodar sosai, sai ƙwayoyi masu fuska takwas ko kusa da haka. A wanke har ruwan wankin ya daina nuna soda a takardar gwaji. Kada a cika tukunyar ta wuce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, domin a 180 tururin ruwa ya kai wajen ninki goma na matsin iska. Kuma sai ta huce da kanta ake kwance ta, ba a tsoma ta a ruwan sanyi.

Malam Kabir: Taitaniya fa? An ce da fuloraid ake buɗe fuskar sama ta anatas, wato ɗaya nau'in kiristal ɗinta ban da rutayil.

Farfesa Mamman: Haka ne, a 2008 aka nuna hakan a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, da asid ɗin haidrofulorik. Fuloraid yana zama kan wannan fuskar kamar yadda sitret ke zama kan ta zink. Amma ban yarda ɗalibi ya taɓa wannan asid a ɗakin da babu akwatin zuƙe hayaƙi da man kalsiyam gulukonet a kusa ba. Yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya bi kalsiyam ɗin jiki har ƙashi. Amoniyam fuloraid da ake cewa ya fi sauƙi, shi ma a cikin asid abin da yake komawa ke nan. Kuma gilashi yake ci, ba a zuba shi a bika. Wanda ya gasa anatas ɗinsa ya wuce wajen 600 zuwa 700 kuma ya san rutayil ya fara shigowa, tazara ta sauko daga 3.2 zuwa 3.0. Wannan kam canjin gaske ne, Kabir, domin jerin atam ɗin ne ya sauya.

Abdulhadi: To ga abin da za a sake: gilashi huɗu, biyu da iri biyu babu, duka a kife, awa uku, cikin tukunyar ruwa. Garin gindi a ajiye don ma'aunin haske?

Dakta Binta: Kada ka auna garin gindi ka ce sandunan gilashi ka auna, ba tare suka tsiro ba, girmansu ma daban. Gilashin kansa za ka sa a na'ura. Bayansa zai yi farin dabbare, ka goge shi da auduga mai ɗan ruwan asid marar ƙarfi, a hankali kada ya zagayo gaba, domin ɗigo ɗaya ya isa ya cinye sandunan. A ɓangaren kwatanci kuma ka sa gilashi mai iri wanda aka gasa amma ba a tsoma ba. Kuma ka tsaya a nanomita 330 zuwa sama, ƙasa da haka gilashin ne ke shanye hasken, ba zink ɗinka ba.